Ɗana a Kan Kabu-kabu

Alhamis, 12 ga Afrilu, 2001

Yau na je kasuwar Shinkafi sayen gero. Da na fito na tsayar da ɗan kabu-kabu, ya juyo, sai ga Sanusi. Ɗana na fari, wanda na sayar da tumakina biyu na kai shi kwalejin malamai. Ashe wata uku ke nan da ya baro karatu, yana kwana a shagon wani abokinsa.

Bai gudu ba. Ya sauko ya durƙusa a gaban jama'a. Na ce masa wannan wane irin wulaƙanci ne? Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ko da aka hana mu ɗaukar mata, abin da nika samu ranar kasuwa biyu ya kai albashinka na wata. Shekara nawa kana riƙe da alli?"

Shekara ashirin da uku. A raina na lissafa su.

Kullum ina gaya wa 'yan ajina su yi karatu su zama likitoci da alƙalai, ga nawa ɗan ya dubi tsohon takalmina ya yanke shawara.

Shi ya ɗaure geron, ya kawo ni har Zurmi. A ƙofar gida ya cusa mini kuɗi a aljihu, wai na cefane. Na so in watsa masa su a fuska, wallahi na so. Amma albashi bai fito ba, gida kuma babu ko gishiri.

Na karɓa. Har na ce Allah ya yi albarka.