Ruwan da Ya Ci Barkandu

Dungas, 8 ga Oktoba 2024

Zuwa ga aminina Husaini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Saliha da yara. Yaya Maradi, yaya aikin lakwal da ɗalibai? Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi ƙarfi bana, ɗakuna da yawa sun zube a Magarya da ƙauyuka, amma gero ya yi. Ni kuma allurar shanu ta hana ni zama, yau ina Guci, gobe ina rugagen bayan gari.

Ka san halina da wayar salula, maganar da ta wuce layi uku sai takarda. Wannan kuwa ta wuce.

Husaini, an kashe Barkandu.

Shekara ashirin da biyu ke nan tun ranar da malaminmu Mushe Bunu ya tsare mu bayan tashi daga kolej, ya zana mana taswira bisa rairayi, ya ce ga wata duniya da ba ta cikin littafin kowa, sunanta Barkandu, ku zo ku yi yaƙi a cikinta. Ya ɗebi yumɓu ya gina mana mayaƙa, ya ba mu ƙwayar lido da karan awo. Kai ka ɗauki kuraye masu sulke, abokinmu Hamma ya ɗauki maharban Dajin Gawo, ni na ɗauki mahayan ɓauna na Tafkin Kanwa. Duk yaƙin da aka yi ranar Asabar sai ya rubuta shi da jan alƙalamin biki cikin littafin rubutu, har kaye goma sha ɗaya suka cika. Ba na tuna maka don ka manta ba ne, so nake ka ji nauyin abin da zan faɗa.

Tun da ɓarin jikin Mushe ya shanye bara, harshensa ya karye, ɗansa Ubaidullah ne ke jan wasan. Ana fito da tsohon bisa kujera a zaure yana kallo. Ban taɓa ganin laifin Ubaidullah ba. Da damina muka yi hutu kamar kullum. Asabar ɗin nan muka koma, na yi sammako bisa moto har Magarya, mayaƙana cikin jaka. Sai ya buɗe wani sabon kaye ya karanta mana cewa baƙin ruwa ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa ya haɗiye masarautu bakwai a yini guda. Wai waɗanda suka tsira suna zaune bisa wasu tuddai da ya kira Tsibiran Toka, suna yaƙi cikin jiragen kaba saboda irin shuka, sarakunan da suka nutse kuma suna magana ta bakin rijiyoyi.

Jatau Mai Ƙaho Ɗaya, jarumina, wanda ya tsare Mashigin Kanwa kwana tara, wanda kurayenka suka kasa kashewa sau huɗu, layi ɗaya aka ba shi: shi ma ruwa ya ci shi. Shi ke nan.

Samarin da suka shigo wasan shekarun nan har tafi suka yi. Hamma ya ce shi dai labarin rijiyoyin ya burge shi. Na zauna kamar wanda aka yi wa rasuwa aka hana shi kuka. Na san mai iyali kamata bai kamata ya hana kansa cin tuwo saboda mutum-mutumin laka ba. Matata Fadi ma abin da ta ce ke nan. Amma kai ka san ba laka ba ce kawai. Shekarar da mahaifina ya rasu, Barkandu ce wurin da nake zuwa in huta.

Ka faɗa mini gaskiya, kai da aka fara da kai: wannan sabon abu zai shiga ranka?

Ka gaida mutanen gida. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Maina


Dungas, 11 ga Nuwamba 2024

Aminina Husaini,

Salama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Takardarka ta iso, na karanta ta sau biyu, ban ji daɗinta ba ko sau ɗaya.

Ka ce Hamma ya turo maka hotunan shafukan, ka karanta, kuma a ganinka rubutun ya yi kyau. Ka ce Barkandu ta tsufa, kowace masarauta ta ci kowace, babu sauran abin mamaki. Ka ce in ba Ubaidullah lokaci. Na ba shi Asabar huɗu. Ina zuwa, ina zama, amma ban fito da mayaƙana daga jaka ba, in ya fara karatu kuma in maida hankalina kan shayi. Ni abu ɗaya na roƙa: ya fito da tsofaffin kaye, masu son Barkandu su ci gaba da ita a gefe, masu son tsibirai su yi tsibiransu. Kullum da abin da zai ce. Yau makullin akwati na wurin ƙanwarsa Zahara'u, gobe sai wani mako.

Shekaranjiya haƙurina ya ƙare. Mun kai mu goma sha huɗu a zauren, Mushe na kujerarsa. Na tashi tsaye na ce ba zan zauna ba sai na ga kayen da idona. Ubaidullah ya ce, “Yaya Maina, don Allah mu fita waje mu yi magana.” Na ce a nan za a yi ta, gaban mai abin. Ya sake cewa, “Don girman Allah, Yaya, ba nan ba.” Wannan roƙon nasa ya ƙara tabbatar mini da akwai abin da yake ɓoyewa.

Zan rubuta maka abin da na ce yadda na faɗe shi, don kada ka ji daga bakin wani. Na ce, “Ka jira harshen ubanka ya mutu sannan ka kashe masa duniya, don a ce kai ma ka ƙirƙiro wani abu. In sayar da kayen ka yi, faɗa. In ƙona su ka yi don hassada, faɗa. Mushe, ka tambaye shi ina aikinka na shekara ashirin.”

Ubaidullah ya sunkuyar da kai yana juya ƙwayar lido a hannu. Mushe ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna ɗansa, ya nuna cikin gida, yana ƙoƙarin magana, sautin na fita ba kalma. Ya yi ta nunawa. Na ɗauki jakata na fita, mutum huɗu suka biyo ni.

Jiya mu biyar muka taru gidan wani daga cikinmu, muka zana Barkandu da ka. Ba mu kai azahar ba. An yi gardama kan ko kogi gabas da Dajin Gawo yake ko yamma, an yi gardama kan taki nawa ɓauna ke yi cikin taɓo, babu mai raba mu. Muka tattara laka kowa ya kama hanya.

Duk da haka ban yi nadama ba. Wani ya kamata ya faɗa, kuma na ga Mushe ya goyi bayana.

Ka gaida Saliha.

Naka,
Maina


Magarya, 28 ga Nuwamba 2024

Husaini,

Salama. Ina fatan kuna lafiya. Na san labari ya riga takarda, amma ba na iya faɗa maka a salula.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mushe Bunu ya rasu jiya da hantsi, an kai shi bayan azahar. Jama'a ta cika, ɗalibansa sun zo daga Yekuwa da Sassumbrum har da Damagaram. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ba shi da nauyi ko kaɗan, Husaini. An ce kwana goma sha takwas ba ya karɓar komai sai ruwa.

Wurin zaman makoki na miƙa wa Ubaidullah hannu, ya karɓa, ya amsa gaisuwa yadda yake amsa wa kowa. Hamma kuwa ya ga na nufo tabarmarsu sai ya tashi ya koma wata. Ban san me na yi masa ba.

Allah ya jiƙan Mushe, ya sa ya huta. Ka yi masa addu'a.

Maina


Dungas, 9 ga Disamba 2024

Zuwa ga aminina Husaini,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Saliha da yara, da fatan sanyin bana bai taɓa kowa ba. Mu jikinmu lafiya. Sauran kuma ga shi.

Ranar sadakar bakwai Zahara'u ta aiko a kira ni ƙofar gida. Ta tsaya daga ciki, ni daga waje. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Ta ce yayanta ya hana ta faɗa, amma ita ba za ta iya kallona ina yawo da tsabtar zuciya ba.

Tsakiyar damina, ranar ruwan da ya kwana biyu yana zuba, ɗakin baya na gidansu ya faɗi. Akwatin kayen na ciki. Sai da suka kwana uku kafin su tono shi. Ruwa ya shiga, takardun sun narke sun haɗe kamar ƙullin dawo, jan bikin ya bi ya rine komai. Ubaidullah ya shanya su shafi-shafi a gidan maƙwabta, bai tsira da ko rabin kaye ɗaya ba. Likita kuma ya riga ya gargaɗe su cewa kada a kai wa tsohon labarin da zai tayar masa da hankali. Suka rufe bakinsu su biyu. Da lokacin komawa wasa ya matso, Ubaidullah ya san ba zai iya jan Barkandu da ka ba, za mu kama shi a Asabar ta farko, maganar kuma ta kai kunnen Mushe. Shi ne ya je ya ce wa mahaifinsa yana so ya gwada sabon babi, a bar tsofaffin kaye su huta.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ta ce Mushe ya yi murna. Kullum bayan la'asar Ubaidullah na zama gefensa yana karanta masa abin da ya rubuta, in tsohon ya yarda ya bugi hannun kujera sau ɗaya, in bai yarda ba sau biyu. Wani shafin sai an sake shi sau biyar. Sarakunan da ke magana ta rijiya ma na Mushe ne, ya yini yana nuna rijiyar gidan kafin su gane abin da yake nufi. Ta ce tun da ya kwanta ba su ga ya yi dariya ba sai a watannin nan.

Da na fita daga zauren ranar nan, Mushe bai daina nuna cikin gida ba. Ya ƙi abinci, ya ƙi magani, sai an kawo akwati. Da safe suka kawo. Ya sa hannu ciki ya damƙo, ya duba, ya mayar. Daga nan ya juya fuska bango.

Na ce mata ajali ne. Ta ce ta sani, ita ma musulma ce, ba ta ce ni na kashe shi ba. Ta ce so take kawai in san abin da na nuna masa a ƙarshen rayuwarsa. Sannan ta koma ciki.

Hamma ya sani tun damina, shi ya taya su tono. Ya yi rantsuwa ba zai faɗa ba, shi ya sa yake ta yabon tsibiran da ƙarfi ko zan bi. Ni kuwa ina kallonsa a matsayin wanda ya ci amana.

Asabar da ta wuce na je wurin Ubaidullah. Na same shi a zaure yana sa mayaƙan kowa cikin leda, yana rubuta suna, za a mayar wa masu su. Na durƙusa gabansa, ni da na girme shi da shekara goma, na ce ya yafe mini. Ya ce, “Tashi, Yaya Maina. Na yafe tun ranar.” Na ce to a ci gaba da tsibiran, zan zo, zan fito da mahayan ɓauna su koyi tuƙin jirgi, duk abin da ya ce. Ya ce, “Don mutum ɗaya na rubuta shi, kuma ya tafi.” Na roƙe shi ko karatu ya bar ni in yi. Ya ce ya sa sabon kayen cikin akwatin tare da tsofaffin, ya rufe, ba shi da niyyar buɗewa.

Ka ga inda na tsaya. Na tambaye ka ko sabon labarin zai shiga ranka, ka amsa mini don ka karanta. Ni in aka tambaye ni ba ni da amsa. Asabar biyar ana karanta shi gabana, Mushe na bugun kujera, ban saurari ko shafi ɗaya ba. Ina ganin hannun nasa yana motsi, na ɗauka ciwo ne.

Ina zuwa aiki, ina yi wa shanu allura, ina dawowa. Fadi ta daina tambayata. Ba na jin zan warke daga wannan da wuri, kuma ban tabbata ya kamata in warke ba.

Sadakar arba'in ta faɗo shida ga Janairu. Na san an koma lakwal lokacin, amma ka nemi izini ko na yini biyu ne. Ka sauka Dungas mu tafi tare. Jiya na je Magarya da niyyar gaida mahaifiyar su Ubaidullah, na tsaida moto a bakin layi, na daɗe zaune a kai, na juyo. Ka zo ka shiga gabana, Husaini, in bi bayanka. Ni kaɗai ba na iya tsallaka ƙofar gidan nan.

Ka gaida kowa da kowa. Ka sa ni cikin addu'a.

Amininka,
Maina