Allurar Auta

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da aikin jinyarki. An sallamo baban Auta, amma ƙafar ta zauna can. Ƙusa ya taka a shagonsa na kafinta, ƙusa kawai. A babban asibiti sun gwada magani bayan magani, suka ce ƙwayoyin cutar sun riga sun saba, don kafson da ya sha a rayuwarsa ya wuce kima. Wa ya ba shi? Likitan bakin layinmu, wanda kafin ka gama zama ya gama rubutu. Mura kafso, ciwon kai kafso, ko tuntuɓe ka yi sai kafso.

Shi ne jiya mutumin nan ya tare ni, ko kunya babu, wai in kawo Auta rigakafin ƙyanda, cutar ta shigo unguwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ba zan kai ta ba.

Ki gaida mutanen gida.
Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Allah ya ba Baban Auta lafiya da haƙuri. Na yi kuka da na karanta.

Likitan nan ya cuce ku, ba zan wanke shi ba. Amma ki tuna wancan da ya gabace shi, wanda ya ce mura ruwa da hutu take so. Ke da matan layi kuka sa masa suna Likitan Ruwa, kuka ƙaurace masa har ya kwashe kayansa. Wannan ya zo ya gane cewa duk wanda ya fita hannu wofi ba ya dawowa.

Kafso daban, rigakafi daban. A kan wancan ya yi kuskure, a kan wannan gaskiya ya faɗa. Ina ganin yaran da ƙyanda ta taɓa wa ido. In fuskarsa ce ba kya son gani, kai ta wani wurin. Don Allah kada ki yi fushi da shi ki huce a kan Auta.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki

Malama nas,

Gaisuwa. Ashe ni na yanke wa mijina ƙafa. Na gode. Ku masu farar riga dama bakinku ɗaya, har wadda na goya a bayana. Ni nake ɗaga ƙaton mutum in kai shi banɗaki yana ɓoye fuska. Zo ki ɗaga shi sau ɗaya, sannan ki koya mini yarda da likita.

Sai wata rana.
Yayarki

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Wasiƙunki na baya sun iso, ban amsa ba, kin san halina.

An rufe ɗan mai wanki ranar Talata, abokin wasan Auta, ƙyanda ce ta tafi da shi. Washegari na goya ta zuwa asibitin bayan kasuwa, na bi layi. Da muka kai gaba, matar da ke yin allurar ta taɓa goshinta, ta duba idonta, ta leƙa cikin bakinta, sai ta mayar da allurar cikin akwatin sanyi. Ta ce, "Baiwar Allah, ina kika tsaya?"

Yanzu muna gida, na rufe labule, haske yana damun Auta. Tun safe take tambayata me ya sa ba na buɗe mata ido.

Ki nemi izini a wurin aiki ki zo.
Yayarki