Bel Mai Haƙora a Motar Baba

Yanbu, farkon Rajab 1419

Yaya Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Baba da autanmu Walid kuna lafiya. Na rubuto ne maimakon in buga waya, domin na san Baba a gindin talho yake wuni, kuma tun da idonsa ya yi rauni kunnensa ba ya barin komai ya wuce.

An tsayar da ranar ɗaurin auren Sundus, Alhamis ta ƙarshen Sha'aban, a nan gidana. Ita da kanta ta ce kakanta take so ya ɗaura.

Na san abin da za ki ce. Tun rasuwar Umma Baba bai kwana a wajen Madina ba, yana tsoron ajali ya riske shi a wani gari a hana shi Baƙi'a, inda take kwance. Ban taɓa yi masa musu a kan wannan ba. Amma Yaya, na zo Yanbu Sundus tana goye, ga shi yau ana maganar aurenta, Baba bai san ko ina ƙofar gidana take kallo ba. Yarana sun san shi a matsayin mutumin da ake zuwa gaisarwa da Idi.

Ba kwana nake roƙo ba. Na shawo kan dangin ango a ɗaura bayan azahar, duk da suna ta mamaki, wai wa ke ɗaura aure da rana tsaka kamar jana'iza. Ya zo da safe, ya ɗaura, ya ci abinci, ya yi magariba a Madina. Ki nemi lokacin da ya sha shayinsa ki gaya masa.

Ƙaninki,
Ja'afaru

*

Ranuna, Madina, tsakiyar Rajab

Ja'afaru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai gwiwata da ka sani.

Na gaya masa. Ya shanye shayinsa, sannan ya ce zai je, amma a motarsa. Na ce ga motoci masu sanyi ko'ina, ya ce motar wani sai lokacin da mai ita ya ga dama take juyowa, tasa kuwa da ya ce a tafi an tafi.

Ka san motar ba yadda ka bar ta take ba. Tsohon wanet ɗin nan, a-kori-kura, da ya yi ta jigilar kayan alhazai da shi, Walid ya cire masa inji ya saka wani ƙato mai silinda takwas, ya shafe shi da jan fenti, ya sauke shi ƙasa har kyanwa ba ta iya shiga ƙarƙashi. In ya tayar da shi tantabarun unguwa duk sai sun tashi. Baba da na zata zai yi faɗa, shi ne ke zama a gaba kowace Asabar a kai shi Masallacin Kuba, hannu a kan taga kamar ango.

Matsalar ita ce motar ba ta son doguwar hanya. Walid ya ce in ya taka ta sosai fambel ɗin yana sulɓewa, wani lokaci ya fice gaba ɗaya, inji ya ɗau zafi. Sau biyu ana jawo shi da igiya daga hanyar Badar. Na ce to a haka za ka ɗauki tsoho? Ya amsa mini da Larabci kamar kullum, wai kar in damu, ya yi odar wani bel mai haƙora daga Jidda. Na ce bel ne ko kada?

Akwatin ya iso, an kai garejin Malam Ashafa, bakaniken nan ɗan Gusau da ke kula da motar. Na ce ya rubuto maka da kansa, kai ne mai aiki da injuna a matatar mai. Ni dai abin da na sani, in rana ta faɗi Baba yana bakin titi, ba zai yafe mana ba, kai kuma ba zai sake taka ƙafarsa garinka ba.

Ka gaida matarka Zaituna da amarya Sundus.

Yayarka,
Shafa'atu

*

Madina, farkon Sha'aban

Zuwa ga Injiniya Ja'afaru Khalilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan alheri ga iyali. Hajiya Shafa'atu ta umarce ni in yi maka bayanin aikin da aka yi wa motar Baba.

A cikin akwatin akwai fuli uku na alminiyam masu haƙora, wato ƙafafun da bel ke bi ta kansu, na karanshaf da na famfon ruwa da na dainamo, sai bel ɗin kansa, mai faɗin yatsa uku. Na cire fanka da tsofaffin fulin na ɗaura sababbin. Wannan bai ɗauki lokaci ba. Daidaita su ne ya cinye mana wuni. Tsohon fambel yana zaune a cikin kwari, ko fuli ya ɗan karkace zai haƙura ya bi. Wannan ba ya haƙuri, in ɗaya ya fita layi ko kaɗan sai ya dinga tafiya gefe yana cin bakinsa. Na yi ta ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskokinsu ina ƙara wosha a bayan dainamo har suka tsaya layi ɗaya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ɗaurinsa. Mu duka da fambel muka tashi, hannunmu ya saba da cewa bel mai sako-sako bel ne mai sulɓewa. Wannan haƙora ke riƙe shi, ba matsi ba. Ana barinsa da sauƙi in inji yana sanyi, yadda za ka iya murɗa shi da yatsa biyu, domin in ƙarfe ya ɗau zafi yana buɗewa, bel ɗin ya ɗaure kansa. In aka matse shi tun da sanyi, a hanya zai zama kamar tsirkiya, ya ja famfon ruwa har boris ɗinsa ya mutu. Kuma shi ba ya sulɓewa ya ba ka labari kamar na da. Sai dai ka ga ruwa a ƙasa.

Baba ya sa Walid ya kawo shi garejin ranar da muka gama. Ya ce a buɗe masa bonet, ya lalubo bel ɗin ya danna da babban yatsa, ya ce, "Ashafa, yunwa kake ji ne ka kasa ɗaure notu?" Na ce, "Baba, wannan ba irin naku ba ne." Na kama hannunsa na bi da shi kan haƙoran, na faɗa masa duk abin da na rubuta a sama. Ya ce, "To in aka matse fa, nan take zai kashe famfon?" Na ce a'a, zai kai mutum tafiya mai ɗan nisa tukuna. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ikon Allah. Mun tsufa."

Mun gwada ta har Badar mun dawo, allurar zafi ba ta motsa ba. Motar tana wani siririn kuka kamar busa, wanda Walid ke so fiye da komai a aikin. In sha Allahu za ta kai Baba ta dawo da shi da sauran rana. Allah ya sa albarka a auren.

Naka,
Ashafa

*

Yanbu, Juma'a

Malam Ashafa,

Assalamu alaikum. An ɗaura aure lafiya, Baba ne ya ɗaura. Yaya Shafa'atu za ta kawo maka wannan takarda, tana komawa yau a tasi. Ina buƙatar sabon famfon ruwa, ka san irin na injin.

Tun daga kan kwana na ji kukan motar ya fi yadda ka kwatanta. Da suka tsaya na ga ruwa yana ɗiga ta gaba. Na buɗe bonet, bel ɗin ko motsi ba ya yi, fulin famfo kuwa yana rawa a hannuna. Na ja Walid gefe na ce, "Ba a gaya maka ba?" Ya ce an gaya masa. Wai da asuba kafin su tashi Baba ya ce a buɗe masa bonet kamar yadda yake yi kafin kowace tafiya tun muna yara. Ya danna ya ce, "Ɗauko sifana." Walid ya ce, "Ya Baba, Usta Ashafa ya ce," Baba ya ce, "Ashafa ne ya haife ka?" Walid ya ce hadir, wato to, ya ɗaure. Baba ya sake dannawa ya ce a ƙara.

Na so in yi masa faɗa, na fasa. Da ni ne a wurin, da na ɗaure. A gidanmu ba a taɓa samun wanda ya ce wa Baba bai san bel ba.

Ban gaya wa Baba ba sai da aka ci abinci. Shagunan kayan mota sun riga sun rufe, ga Juma'a a gaba. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, motarka ba za ta koma yau ba. Ga tawa a ƙofa da mai a cike, in muka tashi yanzu za ka yi magariba a Harami." Wallahi da gaske nake, makullin yana hannuna. Na yi alkawari, kuma ban so a ce na yi masa tarko da 'yata ba.

Ya ce, "Ita kuma fa?" Na ce Walid zai kawo ta in an gyara. Ya ce, "Motar nan ba ta taɓa kwana a wani gari ba ni ina wani." Na ce, "Baba, rana tana tafiya." Ya ce, "Na ji ta a jikina, ba sai ka gaya mini ba." Sai ya juya wajen Zaituna ya ce, "'Yata, ina za ku ajiye ni? Ban son ɗaki mai na'urar sanyi."

Ban yi barci sosai ba, kunnena yana ƙofarsa. Da asuba shi ya tashe mu. Ya ce limamin unguwarmu yana sauri kamar ana binsa.

Ka aiko da famfon ta hannun direban tasin da zaran ka samu. Na gode da aikinka, laifin ba naka ba ne.

Ja'afaru

*

Ranuna, Lahadi

Ja'afaru,

Salamu alaikum. Na iso lafiya. Gidan ya yi mini girma, jiya har na dafa shayin mutum biyu.

Na kai wa Malam Ashafa takardarka. Ya karanta a tsaye, ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Hajiya, mutumin da ya tambaye ni ko nan take zai kashe famfon, ba mantawa ya yi ba." Na ce ya kama bakinsa, tsufa ne. Ya ce to, Allah ya sa.

Da na dawo na shiga ɗakin Baba in gyara shimfiɗa. Maganin hawan jininsa ba ya nan, kwalbar gaba ɗaya, shi da yake cewa a ƙulla masa ƙwaya ɗaya a takarda in za a je Kuba. Sai na buɗe kabad. Ka tuna likkafaninsa, wanda ya wanke da Zamzam shekarar da Umma ta rasu, yake ajiye a saman kayansa a cikin koren ƙyalle? Ba ya nan. Na fitar da komai na mayar, ba ya nan.

Na zauna a bakin gadon na daɗe. Na fara jin haushi, don da ya faɗa mini da na haɗa masa kaya kamar mutum, ba riga ɗaya ba. Daga baya na ga ba zai iya faɗa ba. Duk Ranuna ta san maganarsa a kan Baƙi'a, ya faɗa wa liman, ya faɗa wa mai burodi, ya faɗa a kan kabarin Umma. Da wane baki zai ce ya fasa domin yana son ya kwana a gidan ɗansa?

Ka duba bayan kujerar motar, inda yake ajiye jak. Kar ka tambaye shi komai. Famfon yana hannun Malam Ashafa, yanzu yana jiran ka sake cewa a aiko.

Ka shafa masa man zaitun a ƙafa kafin ya kwanta, ba zai roƙa ba.

Shafa'atu

*

Yanbu, Talata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na duba. Yana nan a koren ƙyallensa, na mayar yadda na same shi.

Jiya na ce masa famfo ya samu, gobe ma ana iya kawowa. Ya ce Ashafa mutum ne mai yawan aiki, kar a takura masa. Yau da safe ya sa na kai shi bakin teku, ya cire takalmi ya tsaya a ruwa har idon sawu.

Ki ce wa Malam Ashafa ya riƙe famfon tukuna. Ki aiko wa Baba riguna.

Ƙaninki,
Ja'afaru