Albasar da Ba Ta Sa Hawaye

Malama Adawiyya, ki taimaki tsoho da shawara.

Shekarun baya wani direba a Kongolam ya ce mini akwai injin da ke yanka albasa ba hawaye. Na ce to, saura wanda zai ci mana tuwon. Yau ga shi a madafina: ɗan kwano mai murfi, ka ja igiya sau biyar, albasa da tattasai sun zama gutsi-gutsi. Ɗana Mansur ya aiko daga Kaduna, don hannuna na rawa.

Tun rasuwar mai ɗakina Talatu, ƙanwata Kande ke zuwa kullum bayan la'asar. Ita yanka, ni girki, don na ƙi a riƙa aiko mini da kwano kamar majinyaci. Sai mu zauna a tabarma, mu ambaci Talatu, ido ya kawo ruwa, mu ce albasar bana akwai yaji. Ba wanda ya taɓa cewa kuka yake.

Ranar da injin ya zo, bakina ya ja mini. Na yi ta yabonsa a gabanta, har na ce ya fi hannun mutum. Ta naɗe wuƙarta a tsumma. Sati uku ke nan ba ta dawo ba, ba motsi a gidan sai ƙarar igiya. Na so in tsinke ta in ce ya lalace, amma ƙarya da furfura? Ga shi kyautar ɗa ce.

Wai albasa ba hawaye. Wadda ta faɗa mini wannan maganar a ƙarshe Kande ce, ranar da ta tafi, a bakin zaure, ba ta waiwayo ba.

Wani dattijo, Daura

Baba, kada ka taɓa igiyar nan. Mansur hannunka ya tausaya wa, bai san abin da ake yi a tabarmar ba. Kande kuwa ba fushi da kwano take ba, ji ta yi an sallame ta, kuma da bakinka. Ina zaton ita ma shirun ya ishe ta.

Gobe bayan la'asar ka taka da ƙafarka, kada ka aika. Ka riƙe albasa uku. Ka gaya mata injin ya ji da tattasai da tumatir, albasa kam tata ce. In za ka iya, ka faɗa sau ɗaya cewa kewar Talatu ce. In baki ya yi nauyi, ajiye albasar a gabanta, za ta gane.

Allah ya jiƙan Talatu, ya sa albasar bana ta yi yaji.