Abin da Hannuna Ya Taɓa

Kabara, Kano
Ranar Lahadi

Yaya Talatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da ɗalibanki na Dutse. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan alhamdu lillahi. An yi sadakar arba'in ɗin maigidana Malam ranar Juma'a, mutane sun zo sun tafi. Na ga kiranki har sau huɗu. Kada ki ji haushi, in na ɗauki waya bakina ƙin buɗewa yake yi, shi ya sa na ba direban garinku wannan takarda.

Ina cin abinci, ina sallah, ina shara. Kuka ne bai zo ba har yanzu. Mata suna ta cewa Indo akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne, Yaya, ba na dai jin komai ne.

Jiya ina ninke kayansa don a raba, sai na tsinci takardar asibiti a aljihun farar rigarsa. Ta ranar da ya fara zuwa ce. Likita ya rubuta wata kalma ya ja mata layi biyu. Ga ta na kwafo miki harafi-harafi: palpable. Kin san karatuna a aji shida ya tsaya, ke ce malamar Turanci. Ki gaya mini ma'anarta yadda take, kada ki lallashe ni.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Indo

Kabara, Kano
Ranar Alhamis

Yaya Talatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Amsarki ta iso, da kukar da kika haɗo. Allah ya saka da alheri.

Kin ce kalmar tana nufin abin da hannu zai iya taɓawa ya ji shi. Kin ce Turawa har tsoro ko shiru suna faɗa wa haka, in ya yi yawa kamar a kama shi da hannu. To shirun gidan nan ya kai.

Yanzu bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na riga likitan taɓa shi da wata bakwai. A cikin azumi ne, Malam ya dawo daga kasuwar Kurmi yana kukan ciwon ciki, ina shafa masa man zafi, sai yatsuna suka ci karo da wani ƙullutu a gefen cibiyarsa, mai tauri kamar goro. Na ɗora hannunsa a wurin. Ya yi dariya, ya ce basir ne, wai ni kullum sai na nemo abin da zai hana shi cin yaji. Mutumin da zai shafa fata ido a rufe ya ce miki ta akuya ce ko ta tunkiya, shekara talatin yana dukanci, amma jikinsa ya kasa karantawa. Ni kuma na bi shi. Ni na riƙa jiƙa masa sassaƙen da yake sayowa, ina tacewa, ina miƙa masa a kofin silba. Wata bakwai.

Akwai saura. Tun kafin rasuwar na ji irinsa a nonona na hagu. Ƙarami ne, bai kai ƙwallon dabino ba, kuma ba ya ciwo. Na yi wa Gwaggo Lami, ƙanwar mahaifinsa da ke zaune da ni, maganar asibiti. Ta ce a gidansu ba a taɓa yin mai takabar da ta taka zaure ba, kada in ja a yi da su a unguwa. Saura wata biyu da 'yan kwanaki in fita. Zan jira. Ba na jin tsoro, ba na jin komai.

Taki,
Indo

Kabara, Kano
Ranar Talata

Yaya Talatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Takardarki ta zo, faɗa tun daga sama har ƙasa, ko gaisuwa babu. Na karanta sau uku. Inda kika ce na jira wata bakwai na ga sakamakon, nan ne ya zauna mini.

Na aika matar Liman ta tambayar mini mijinta. Ya ce lalura ce, in je da rana in kwana a ɗakina, babu laifi. Gwaggo ta ce to, ita dai ba da bakinta ba. Amma da na fito jiya da safe na tarar ta sa mayafi tana jirana a zaure, wai ba za a ce ta bar matar ɗanta ta fita ita kaɗai ba.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta taɓa wurin, ta ɗauki biro. Ina zaune a gabanta, takardar tana juye, amma na gane kalmar tun kafin ta gama rubuta ta. Ta tambaye ni ko na san abin da ta rubuta, na ce na sani. Ta ce gara da na zo yana ƙarami. Sun ɗebi kaɗan da allura, sakamako sai Alhamis ta sama.

A cikin adaidaita muna dawowa, daidai Kurmi, warin jima ya bugo ni. Nan kukan ya zo, Yaya. Gwaggo ta rufe ni da mayafinta har gida.

Yanzu kam ina jin tsoro. Ki zo ranar Laraba ta sama ki kwana. Kada ki wahalar da kanki da tsaraba, hannunki kawai nake so in riƙe in za a karanta mini.

Ƙanwarki mai jiran ki,
Indo