Sifika Ta Biyar

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki, da kuma baƙon da muke jira. Allah ya sauke ki lafiya.

Na ga kiranki a waya ba adadi. Ba fushi ya hana ni ɗauka ba, dalilin ne ya fi ƙarfin bakina, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san Yayanki da ya zo hutu ya cika mini falo da kayan kallo irin na sinima. Na ce masa ya yi duk abin da zai yi, amma kada ya taɓa rediyona da manyan sifikuna biyu da na saya shekarar da na auri mahaifiyarku. Ya ce ba zai fitar da su ba, haɗa su zai yi da sababbin su yi aiki tare. Ya wuni yana jan kebur, muka kalli fim ɗaya, komai lafiya lau, washegari ya koma wurin aikinsa.

To, Auta, tun bayan tafiyarsa kunnena ya fara tafiya. In na kunna talabijin ina jin kiɗa, ina jin ƙarar mota, har ruwan sama ina ji ta bayana, amma magana babu. Sai in ga mai karanta labarai yana ta motsa baki kamar kifi. Haka kakanku ya fara, magana ce ta soma ɓace masa. Ranar da aka haife ki ya riƙe ki kina tsala kuka, yana tambayarmu ko barci kike.

Za ki ce ai ina jin mutane a gareji. Ina tsammanin bakinsu nake kallo ina cankar sauran. Bakanike kuwa da kunnensa yake aiki, ba zan jira ranar da zan sallami motar wani da ciwo a injinta ba. Na yanke shawara, ƙarshen wata zan miƙa wa mataimakina mabuɗan gareji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kukan ɗanki da ba zan ji ba.

Kada ki gaya wa Yayanki, zai tayar da hankalinsa a banza. Ki gaida maigidan.

Mahaifinki.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa, sauran gaisuwar sai na huce.

Baba ya ce kada in gaya maka, ga shi ina gaya maka, in ya so ya tsine mini daga baya. Ga takardarsa nan na haɗo da tawa, ka karanta. Ni dai na karanta a tsaye a ƙofar ofis, na ƙarasa a zaune a kan matakala ina kuka, har mai gadi ya kawo mini ruwa.

Ka san Baba da gareji. Ranar da muka rasa Mama ma, da aka watse can ya tafi ya zauna a cikin tsofaffin motoci. In ya ajiye mabuɗan nan wallahi zama zai kashe shi, ba kurunta ba.

Kuma laifinka nake gani. Mutum yana zaune lafiya da rediyonsa, ka zo ka kewaye shi da sifiku kamar gidan rawa. Wa ya sani ko ƙarar ce ta fasa masa dodon kunne? Kai kana can nesa, ni da nake tafiya da ƙyar ni zan hau mota in je in kai shi asibiti. Likitata ta yi ta gunaguni amma ta yarda. Ka yi mana addu'a, tsoro nake ji ƙwarai.

Ƙanwarka.

*

Yaya na kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da kyau wannan karon, har da durƙuso in da cikin zai bari. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Na same shi ya rame, ya tara gemu, wayarsa a kashe cikin durowa. Ina yi masa magana yana zuba wa bakina ido, sai na ji ni ma na fara ɗaga murya. Ya ce in zo in gani da idona, ya kunna talabijin. Mai labarai ta fito tana motsa baki. Ya juyo ya ce, "Kin gani? Ko kalma ɗaya."

Na ce, "Baba, ai ni ma ban ji komai ba."

Ya ce kada in yi masa ƙarya don in kwantar masa da hankali. Na rantse masa. Sai ya dafe kai ya ce shi ke nan, abin ya bi jini har ya kai kaina. Yaya, ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ga hawaye yana zuba.

Na tuna ranar da ka gama haɗa kayan ka aiko mini hoto kana fankama. Na buɗe hoton na shiga ƙirga ina kwatantawa da abin da ke falon. Manyan sifikunsa biyu suna nan dama da hagu. Ƙananan biyu suna bayan kujera. Akwatin nan mai gurnani yana lungu. Amma doguwar nan da ka kwantar a ƙarƙashin talabijin babu ita, hoton Mama ne a wurin. Na tambaye shi ina take.

Ya ce, "Safayar? Na adana ta."

Wai shi da ka tafi ya tsaya ya duba aikinka, kamar yadda yake duba na yaransa. Ya ga biyu a gaba, biyu a baya, ga ta biyar ita kaɗai ba abokiyar zama, akwatin gurnanin kuwa bai ɗauke shi sifika ba. A saninsa kuwa duk abin da ke da huɗu a ƙasa kamar tayoyin mota, ta biyar safaya ce, kuma ba mai hankalin da zai bar safaya tana aiki tana cinyewa. Har ya ce ya ji takaici, ɗan bakanike guda bai san wannan ba. Ya zare kebur ɗinta, ya naɗe ta a tsohon bargo, ya ɗora a kan kabad.

Na kira shagon da ka sayo kayan, mai shagon ya ce ai duk maganar mutane ta waccan ta tsakiyar take fita, sauran kiɗa da ƙara suke ɗauka. Muka sauko da ita. Baba da kansa ya mayar da kebur ɗin, don bai yarda da hannuna ba. Ana kunnawa muryar matar nan ta cika falon tana bayanin farashin mai. Ya zauna a hankali, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge ido da bakin riga. Ban taɓa jin daɗin labarin tsadar mai ba sai ranar.

Duk da haka ya ce bai gamsu ba. Sai na shiga kicin, na juya baya, na ce ƙasa-ƙasa gobe zan kira 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin kaya su kwashe tsofaffin sifikun nan. Daga falo ya ɗaga murya ya ce duk wanda ya taɓa su sai ya karya masa hannu, ko da mai ciki ce.

Mun je asibitin dai. Likita ya wanke masa kunne, ya auna, ya ce yana ji daidai da shekarunsa, har ya ɗara.

Na janye maganar gidan rawa, ka yafe mini. Amma rabin laifin naka ne, wanda ya haɗa wa bakanike abu biyar bai yi masa bayani ba.

Ƙanwarka mai ƙaunarka.

*

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan aiki yana tafiya daidai.

Na san Auta ta kwashe komai ta gaya maka, bakinta ba ya riƙe ruwa. Mabuɗan gareji suna aljihuna. Jiya wata mota ta shigo, tun daga bakin titi na ce wa yarana bel ɗin injinta ne, aka buɗe, shi ne.

Aikinka ya yi kyau, tsofaffin sifikuna ba su taɓa yin daɗin sauti haka ba. Sai dai yanzu da nake jin abin da 'yan fim ɗin nan ke faɗa, na gane ban yi asarar komai ba.

Na gaya wa mijin Auta, ranar haihuwa ko ina ƙarƙashin mota ya kira ni, ya kara wayar a bakin yaron. Wayata a kunne take. Kai ma ka kira.

Mahaifinka.