Sunan Papa a Rajistar Zaɓe

Avedome, 14 ga Yuli

Zuwa ga yayana, Fo Elikem,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka. Ya kamun kifi a Gabon, ya kuma ciwon ƙafar nan taka? Ina fatan matarka da yara suna lafiya. Mu ma da sauƙi.

Teku ya sake shigowa Klikope watan jiya. Ya ci makarantar firamare inda muke jefa ƙuri'a, ya ci layin gidajen bayan coci, har da namu. Kusan kowa ya taso ya dawo nan tudu cikin manoma. Papa yana wurina, a ɗakin da mijina Yao yake ajiye masara.

An ce kowa ya yi rajistar zaɓe a inda yake kwana yanzu. Ka san yadda mazaɓarmu take. Da can masunta ne da rinjaye, amma ku samari kun watse Gabon da Abijan, kun bar tsofaffi da mata masu ƙyafe kifi, manoma kuwa suna nan suna ta haihuwa. Bana Madam Agbeko ta yi alkawarin ganuwar dutse a bakin teku, Lauya Kpodo kuma ya yi wa manoma alkawarin kwalta. Ana cewa tazararsu ba za ta wuce ƙuri'a ɗari uku ba. Yao shi ne wakilin Kpodo a teburin rajista.

Ranar Talata Papa ya yafa zanensa na zuwa coci ya shiga layi. Da ya iso tebur, sai Yao ya ɗaga hannu ya ce yana da ƙorafi, wannan tsoho ɗan Togo ne, tunda a tsallaken iyaka aka haifi kakarmu. Papa ya dube shi ya ce, "Yao, ran da ka zo neman auren 'yata, wace ƙasa ka zo?" Mutane suka yi dariya, amma magatakarda ya cike takardar ƙorafin. Mutum arba'in na garinmu aka yi wa haka a yinin nan kaɗai.

Da yamma na tuƙa tuwon akple, Papa da Yao suka ƙi ci.

Ka gaida gida. Taka,
Akpene

Avedome, 20 ga Satumba

Fo Elikem,

Na samu wasiƙarka, na gode Allah da ƙafar ta warke. Ka ce za ka zo ka karya wa Yao baki. Don Allah ka zauna. Kai ma ba ka da rajista a nan, mutanen Kpodo ne za su ji daɗi.

An kira waɗanda aka yi wa ƙorafi gaban kwamiti a hedikwata, kowa ya kawo shaidar haihuwa. Ta Papa littafin baftisma ce, tana ofishin cocin da ruwa ya ci. Na roƙe shi mu je da dattawa biyu su rantse masa, ya ce mutumin da ya yi zaɓe tun kafin a haifi 'yan kwamitin ba zai je ya roƙi a yarda shi ɗan ƙasa ne ba. Aka soke sunansa.

Da aka manna rajista a bango na je na duba. Surukina, mahaifin Yao, wanda muka binne shekara huɗu da suka wuce, yana nan da hotonsa. Na nuna wa Yao. Ya ce ba shi ya rubuta jerin sunayen waɗanda za a yi wa ƙorafi ba, daga sama aka ba shi, kuma da ya tsallake surukinsa da jam'iyya ta ce ya sayar da ita. Ya ce ganuwa ba za ta hana teku komai ba, kwalta kuwa yaranmu za su hau. Yana maganar yana kuka, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Papa ya tattara kayansa ya koma Klikope. Ya kafa bukka da ganyen kwakwa kusa da ragowar gidaje bakwai. Duk kwana uku nake kai masa abinci. Yana tari.

Taka,
Akpene

Avedome, 18 ga Disamba

Yayana,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya. Papa ya rasu ranar Alhamis da hantsi, ina riƙe da hannunsa. Likita ta ce sanyi ne ya kama masa huhu.

Ranar zaɓe, duk da zazzaɓin, sai da ya hau kwalekwale ya zo rumfar zaɓe da tsohon katinsa. Bai shiga layi ba, ya zauna a benci ya yini yana gaisa da mutane. Kpodo ya ci da ƙuri'a ɗari biyu da sha ɗaya. Mutanenmu da aka soke sun kai ɗari uku da arba'in. Maganar ganuwa ta mutu.

Sai matsalar kabari. Maƙabartar Klikope rabinta na cikin ruwa, ragowar in ka haƙa kamu biyu ruwan gishiri ne. Dattawan Avedome suka ce tasu ta 'yan gari ce. Muna zaune da gawa kwana biyu, sai Yao ya shigo ya durƙusa gaban Tasi Ablewa, ƙanwar Papa, ya ce a karɓi gefen gonarsa. Tasi ta ce masa, "Ɗan Togo za ka shuka a gonarka?" Bai ɗago kai ba.

Ni na ce a karɓa, Fo. Babu wata busasshiyar ƙasa da muke da ita. Yao da hannunsa ya haƙa ramin, bai bar kowa ya taɓa shebur ɗin ba.

Yanzu ina kwana wurin Tasi tare da yara. Kullum yana aiko da rogo, ina karɓa saboda su. In ka zo bikin Ista, ta ƙofar gidansa za ka bi kafin ka isa wurin Papa, babu wata hanya. Ina roƙonka ka gaishe shi kawai ka wuce. Ni har yau ban iya ba.

Ubangiji ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarka,
Akpene